Tunau Makaho da Dakalan Lalube

Tun zamanin da maharba ba su san bindiga ba, lokacin da giwa ke shan ruwa a inda yau mata ke wanki, akwai wani ƙauye a bakin Gulbin Kirya. Ƙasar wurin baƙa ce, mai maiƙo. Kowace damina gulbi sai ya cika ya batse, ya bar laka a gonaki, dawa ta tashi har ta ɓoye mutum da kayan da ya ɗauko a ka. Ba a taɓa jin an yi yunwa a Kirya ba. Amma ƙauyen na da wani abu da baƙo kan lura da shi tun bai sauke kayansa ba: duk wanda ya manyanta a can makaho ne. Abin kan fara da ƙaiƙayi, fata ta yi kaushi kamar ta guza, daga nan gani ya riƙa raguwa, kafin furfura ta fito ido ya tafi. Mutanen sun saba. Sukan ce gulbi ke ba su tuwo, shi ne kuma ke cin idonsu, kuma ba a tuhumar uwar da ta ciyar da mutum.

A cikinsu akwai wani maharbi ana ce masa Tunau, ƙanen Ciwake Sarkin Noman ƙauyen. Dogo ne, siriri, ba ya yawan magana. An ce tun da ya fara ɗaukar baka bai taɓa sakin kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba. In ya dawo daga daji mata kan yi masa kirari:

"Tunau na Marka, kibiya ɗaya nama ɗaya! Shaho mai gani daga nesa, ƙanen noma, wan farauta!"

Marka ita ce matarsa, suna da 'ya ɗaya a goye, Kyauta.

Gabas da ƙauyen akwai tsauni mai girma wanda ba a cika ganin kansa ba, kullum gajimare na zaune a kai. Mutanen Kirya ba sa hawansa. Ba wai an hana ba ne, a'a, ba abin da za su nema a can, ga sanyi ga duwatsu.

Wata rana da hantsi, a ƙarshen damina, Tunau ya hangi gadar dutse tsaye a gindin tsaunin, tana kallonsa. Ya ɗana, ya saki. Kibiya ta wuce gefe ta faɗa ciyawa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya murza ido, ya sake dubawa, sai ya ga gefen abin da yake kallo ya yi dishi-dishi kamar hayaƙin ɗanyen ice. Ya san ko mene ne wannan, don ya ga yadda abin ya fara wa wansa. Gadar kuwa ba ta gudu ba. Ta taka dutse ɗaya, ta waiwayo, ta taka na biyu. Tunau ya bar kibiyarsa a inda ta faɗi ya bi ta.

Suka yi ta hawa. Tun yana jin ƙarar gulbi a bayansa har ya daina ji. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da ke bin ƙafar mutum a bakin ruwa suka ragu, suka ragu, har ya kai inda ba ko ɗaya, ya lura hannunsa ya daina kai wa ƙwauri susa. Daga nan ya shiga cikin gajimare. Komai ya yi fari. Itatuwa na fitowa ɗaya-ɗaya kamar mutanen da suka zo tarye, su wuce su ɓace. Bai san tsawon tafiyar da ya yi a ciki ba. Da farin ya yaye, ba gada ba alamarta, sai fili mai faɗi a kan tsaunin, da ciyawa gajera, da idon ruwa na ɓulɓulowa daga tsagar dutse, da wata tsohuwa zaune a kan falalen dutse da faifai a cinya.

Kanta fari fat kamar auduga. Tana tsince wani abu daga cikin yashi, ƙwaya-ƙwaya, da yatsu biyu. Tunau ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ɗago ta dube shi tsakiyar ido, ta ce:

"Jikana, igiyar bakanka ta fara tsinkewa ta sama."

Ya duba, sai da ya kawo bakan daf da fuskarsa ya ga zare ɗaya ya tashi. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin mai furfurar da idonsa ke gani ba.

"Kaka," ya ce, "me kike sa wa idonki?"

Ta yi dariya. "Ba abin da nake sa masa. Dutse ba ya cin ido. Sai dai ba ya ba da tuwo da sauƙi."

Ta kama hannunsa ta zuba masa abin da ta tsince. Ƙwayoyi ne ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba ko kusa. Ta ce sunansa acca, shi ne hatsin da ke jure sanyi da tsakuwa. Ta cika masa burgamin da yake zuba guzuri, ta ce ya sauka tun rana ba ta karkata ba. Da ya yi 'yar tafiya ya waiwaya, gajimare ya sake rufe wurin. Daga baya, da mutane suka hau, sun sami idon ruwan da falalen dutsen, amma ba bukka, ba toka, ba sawun kowa.

Tunau ya sauko ya tara mutane a ƙofar gidan wansa ya ba da labari. Ciwake na zaune a kan turmi, sandarsa tsakanin ƙafafu. Ya miƙa hannu aka zuba masa accar, ya murza, ya sansana.

"Wannan ai yashi ne, Tunau. Ka ce mu bar dawar da daminta ke karya wuyan ƙato mu je mu ci yashi?"

"Yaya, ni nawa idon ya riga ya kama hanya. Ba don kaina nake magana ba. Ina so Kyauta ta ga fuskar jikokinta."

"Ubanmu bai ga tamu ba bayan mun girma, amma ya mutu da rumbu cike. Yunwa ta fi makanta saurin kisa."

Ba wanda ya ce Ciwake ya yi ƙarya. Duk da haka, da rani ya yi, gida tara suka ɗaure kaya suka bi Tunau, yawancinsu masu 'ya'ya ƙanana. Marka ce a gaba, da Kyauta a baya, da tukunya a ka, tana jan akuya biyu. Suka yi bukkoki kusa da idon ruwan, suka kewaye su da shingen ƙerana mai ƙaya saboda damisa. Filin da ke saman kuwa ashe falalen dutse ne, ƙasar kansa ba ta kai zurfin ɗan yatsa ba. Inda ƙasa take shi ne gangaren tsaunin. Can suka sassabe, suka yi kaftu, ruwan fari na sauka suka watsa accar.

Ta tsiro kuwa, kore shar kamar an shimfiɗa zane. Sai ruwan tsakiyar damina ya zo. Kwana uku ana tsugawa. Da aka ɗauke, suka fito suka tarar gangaren ya koma jan dutse. Ƙasar, da shukar, da wahalar wata huɗu, duk ruwa ya kwashe ya kai wa gulbi. Abin da suka tsira da shi bai wuce ƙwarya uku ba, shi ma Marka ce ta hana a ci, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka.

Wannan shekarar ita ake kira Shekarar Rizga har yau, don rizgar daji da ɗanyun 'ya'yan itace suka ci suka rayu. Gida huɗu suka koma Kirya. Ba su yi faɗa da kowa ba, sun zo sun yi sallama suna sunkuyar da kai. Tunau ya yi ta shiga daji yana kafa tarko, tun da baka ya daina yi masa amfani. A cikin ranin nan ganinsa ya ƙarasa tafiya. An ce abu na ƙarshe da ya gani shi ne Marka tana dawowa daga idon ruwa da safe, rana na bayanta, ruwan da ke zuba daga tulun yana walƙiya a kafaɗarta. Washegari ya farka ya tambaya ko gari ya waye.

Ya rataye bakansa ya zauna a ƙofar bukka. Kwana da kwanaki yana nan zaune. Waɗanda suka rage suka fara magana ƙasa-ƙasa, cewa in aka yi ruwan fari su ma za su sauka.

Ruwan ya zo da rana tsaka. Kowa ya shige ɗaka, Tunau ya ƙi tashi. Yana zaune ruwa na dukansa, sai ya ji tsaunin ya cika da muryoyi. Da yana da ido bai taɓa sauraron ruwa ba, yanzu kuwa ya ji kowace ƙorama da irin maganarta. Wata na gudu tana ihu, wata na gunaguni da tsakuwa a baki. A can hannun hagu, ƙasa kaɗan da bukkokin, ya ji wata ta taho a guje, ta kai wani wuri ta yi shiru, kamar yaron da aka sa wa nono. Ya karkata kai. Ba shakka, a nan ruwan ke tsayawa.

Ya tashi ya bi muryar da rarrafe, yana lalube. Marka ta fito tana kiransa.

"Maigida, ina za ka cikin wannan ruwa? Za ka faɗa!"

"Zo ki kama rigata, kada ki yi magana."

Suka isa. Wani tsohon kututture ne ya faɗi a gicciye tun ba a san shekarar ba, duwatsu suka taru a bayansa. Tunau ya cusa hannu. Ƙasa ce mai laushi, hannunsa ya nutse har gwiwa bai taɓo dutse ba. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama a nan ta kwanta. Ya daɗe durƙushe, hannu a cikin laka, sannan ya ce:

"Marka, ba ƙasa ce babu ba. Wurin zama ne ba mu ba ta ba."

Washegari ya kira mazan gida biyar ɗin ya ce su jera duwatsu a gicciye, katanga gajera iya gwiwa, a bi cikin tsaunin da ita kamar ɗamara. Suka yi, don ba su da wata dabara. Kowa ya auna tasa da ido ya ga ta miƙe. Tunau ma ya yi tasa shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi ya riƙa tafiya a gangaren, a hankali, in ya ji ƙafarsa ta fara hawa ya dawo, in ya ji ta fara gangara ya dawo, sai inda tafin ƙafa ya ce masa nan ba sama ba ƙasa. Duk taku ɗaya Marka ta ajiye dutse a sawunsa. Layin ya fito a karkace, yana shiga kwari yana fita, har mazan suka yi ta dariya a ɓoye, suna cewa ga macijin makaho.

Aka yi ruwa mai ƙarfi. Katangun masu ido duk suka fashe, don kowace na da gefen da ya fi gangara, ruwa ya taru can ya ɓalle. Ta Tunau ko dutse ɗaya bai motsa ba. Ruwa ya zo ya kwanta a bayanta daga wannan kai zuwa wancan, lumui, ya nutse a hankali, ya bar ƙasarsa.

Daga ranar ba wanda ya sake ɗora dutse sai a sawun Tunau. Ya yi ta tafiya, su suna biye. Mata suka riƙa kwaso ƙasa daga tsagogin duwatsu a kwanduna suna zubawa. Marka ta ce a daina sakin awaki da damina, a ɗaure su a garke a riƙa yanko musu ciyawa, abin da suka tattake da kashinsu a kwashe a kai bayan katanga, a haɗa da tokar murhu. Kowace katanga ta cika ta zama fili shimfiɗaɗɗe, ɗaya bisa ɗaya, kamar dakalin ƙofar gida, shi ya sa ake ce musu dakalai. A kan guda uku na farko aka fasa tulun Marka aka watsa iri.

Da kaka ta yi, accar ta nuna ta kwanta, iska na bi ta kanta kamar hannu a kan gashin jariri. Aka kai Tunau ya tsaya a tsakiya, ya buɗe tafukansa yana ji tana shafarsa. Suka yanka da lauje, suka tattake da ƙafa, mata suka surfa. Ranar aka yi tuwon acca na farko a kan tsaunin, da miyar karkashi. A ranar ne kuma Marka ta sauya masa kirari:

"Tunau mai ido a tafin ƙafa! Makahon da ya ja wa masu ido gora! Ka ce wa ruwa zauna, ya zauna!"

Bayan shekara uku, da rumbuna suka tsaya da ƙafarsu, Tunau ya ce a kai shi Kirya. Marka ta riƙe masa sanda suka sauka, da ƙwaryar tuwo a lulluɓe. Ciwake na nan a kan turminsa. Makafi biyu suka laluba fuskar juna, babban ya taɓa idon ƙaramin ya ce:

"Kai ma gulbin ya ci ka."

"Ya ci ni, Yaya. Ga yashin nan na kawo maka."

Ciwake ya wanke hannu ya ci. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, har ya suɗe ƙwaryar.

"Ba ya riƙe ciki kamar dawa," ya ce.

"Ba ya riƙewa."

"Ni ba zan hau ba. Na san kowane dutse na ƙauyen nan da ƙafata, in na bar shi na makance sau biyu." Ya juya kai wajen da yara ke wasa. "Amma 'ya'yan ɗana uku ne, babbar ta fara susa. Ku tafi da su, da uwarsu da ubansu. In sun girma ka ce musu kakansu ba wawa ba ne, tsoron yunwa ya yi."

"Zan faɗa musu Sarkin Noma ne."

Ba su sake haɗuwa ba. Amma daga wannan shekarar, duk rani sai an ga wani gida ya ɗaure kaya ya kama hanyar gajimare, har Kirya ta zama kufai.

Tunau ya yi tsawon rai. Ya binne Marka a gefen dakalin farko, ya ci gaba da tafiya. An ce ya kewaye tsaunin da ƙafarsa har dakalai suka kai ɗari da arba'in. A ƙarshen kwanakinsa Kyauta ce ke zama da shi a bakin dutse da yamma, ita ma ta zama kaka. Yakan ce mata, "Me kike gani?" Ita kuwa sai ta yi ta lissafa masa: ga dakalai sun sauka kore-kore har inda gajimare ya yanke su, ga mata biyu na cire ciyawa a gonar gwaza, ga shirwa na shawagi, ga gulbi can ƙasa kamar zaren da aka yar. Ba ya gajiya da ji. In ta gama sai ya ce, "Ƙara dubawa, akwai saura."

Wata safiya a farkon damina ya ce zai fitar da sabon layi ta fuskar arewa, inda ba a taɓa nomawa ba. Maza suka bi shi da duwatsu. Gajimare ya sauko ya rufe su, har mutum ba ya ganin hannunsa. Suka ce, "Baba, mu dakata ya wuce." Ya yi dariya ya ce shi bai ga abin da ya sauya ba. Suka riƙa jin takunsa a gaba suna ajiye dutse, suna ji suna ajiyewa, har suka daina ji. Da gari ya buɗe, sawunsa na nan a laka, ɗaya bayan ɗaya, ya kai wani wuri ya tsaya. Ba rami a wurin, ba gangare. Aka yi kwana bakwai ana nema. Wannan katangar ba a ƙarasa ta ba, ba a kuma noma bayanta, tana nan ana ce mata Dakalin Saura.

Garin da ya kafa shi ne Lalube, don da lalube aka same shi. Ba babban gari ba ne ko yanzu. Hanyar mota ta iso shi a makare, kuma da damina sai direba mai ƙarfin hali. Har yau acca ce uwar abinci, sai tamba da rizga a dakalan sama, gwaza a kusa da idon ruwa, amya a kan itatuwa. A zamanin kakanninmu aka kawo dankalin turawa, ya sami sanyin da yake so, daga baya kabeji da karas suka biyo. Ran Laraba, ranar kasuwa, manyan motoci kan tsaya a gindin tsauni, a sauko musu da buhuna a kan jakuna da babura. Tarakta ba ta hawa dakali, saboda haka fartanya ce da garma har gobe, kuma har gobe akuyar Lalube ba ta yawo da damina. Masu ilimi sun zo daga baya sun ce baƙin ƙudan bakin gulbi ne ke kawo makantar, suka raba magani a kwari. Tsofaffin gari suka saurara, suka gode, suka ce ai labarin ya iso su tuntuni.

Wani malamin gona ya taɓa zuwa da na'urar awo mai ƙafa uku, ya yini yana leƙa tsofaffin dakalan. Da yamma ya naɗe kayansa ya tambayi mai gari wane injiniya ne ya fitar da layin. Mai gari ya ce masa ya kwana, gobe akwai wanda zai yi sabon dakali.

Da safe aka taru a gangare. Aka fito da dattijon da ya fi kowa shekaru a gidan mai gonar, aka tuɓe masa takalmi, aka ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle. Matarsa ta tsaya a bayansa da dutse a hannu. Kowa ya yi tsit, har yara. Mai gari ya ɗaga murya, kamar yadda ake yi tun ranar da aka daina jin takun nan a cikin gajimare, ya ce:

"Masu ido, ku koma baya."

Dattijon ya ɗaga ƙafa, ya laluba ƙasa, ya taka.